Bokitin Inna na Ranar Alhamis

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a Farin Dutse ta Gwaram, wannan abu ya faru. Madogarata biyu ce: abin da na gani da idona, da abin da mahaifiyata ta faɗa mini. Ni ina ganin da damina ne, ita ta ce bayan girbi. Ban iya tantancewa ba, don haka na bar shi yadda yake.

Tun rasuwar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage a gidanmu na Birnin Kudu. Wata Alhamis, ranar da nakan zo gida in na samu dama, na iso ba sanarwa. Na yi sallama, tari ne ya amsa mini. Na same ta durƙushe a banɗakin ɗakina, ƙofa a rufe, idanunta jajir, wani wari yana yankan maƙogwaro. Na kamo ta zuwa tsakar gida ta sha iska, na bar ƙofar a buɗe.

Da numfashinta ya daidaita, na ga robobin lemo biyu marasa rubutu, irin waɗanda ake auna wa mutum a kasuwa. Ɗaya bilic mai sa kaya su yi fari, ɗaya ruwan wanke masai. Ta juye su a bokiti guda.

Na ce, “Inna, waɗannan ba a haɗa su, iska mai guba suke fitarwa. Bilic ruwa kawai ake zuba masa, ƙofa kuma a buɗe.”

“To, Malam likita,” in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. “Na ga in na haɗa ya fi fita tas. Kullum nakan ɗan yi tari, ya wuce.”

“Kullum?”

“Duk Alhamis mana. Ko Allah zai kawo ka.”

Ni da na shirya dogon bayani, har sunan iskar yana bakina, sai kawai na ce ta tashi mu je a duba ta.

A asibiti aka duba ƙirjinta, aka ce babu matsala. Na ɗaura wa robar bilic jan ƙyalle, na raba musu wurin ajiya, ba ta sake haɗa su ba.

Har yau in na ji warin bilic, gidan nan nake tunawa da shirunsa. Na taɓa tambayarta abu ɗaya, ta yi dariya ta sauya zance. Alhamis nawa ta wanke banɗakin nan tana tari ita kaɗai, ban zo ba?