Kwalliyar da Baba Ya Yi wa Ɗakin Yaya Sadisu

Wata Alhamis ce a bazarar 1998, ina aji biyar na firamare, motar Gusau ta sauke Yaya Sadisu a Rawayya da jakarsa da wani ɗan gilashi da ya ce ma'aunin zafi ne. Shi ne babban yayanmu, kuma shi kaɗai ne a gidanmu ya kai babbar makarantar fasaha, inda yake karatun gini. Mun ɗauka injiniya muka tarbo. Kafin la'asar injiniyan nan ya naɗe wando har gwiwa, ya shiga ramin jar ƙasa da ke bayan gida yana kwaɓa laka.

Ashe aikin kammala karatunsa ke nan. Zai gina ƙananan ɗakuna biyu, ɗaya na bulo da kwano, ɗaya na tubali da jinka, ya riƙa auna zafinsu, don ya nuna cewa ƙasar da muke takawa ta fi siminti dacewa da garinmu, kuma in ginin ya tsufa sai ya koma gona abinsa. Malaminsa zai zo ya gani da idonsa kafin ruwa ya sauka. In bai gamsu ba, sai baɗi, 'yan ajinsa su fita su bar shi.

Mu yara kakarmu ta yanke saƙa. Da an tashi makaranta muke jido ruwa daga rijiya, mu yanka ciyawa, mu tattaro kashin jaki muna toshe hanci, mu jiƙa ɓawon ɗorawa na makuba da za a yi yaɓe da shi. Wasan gaɗa ma muka mai da shi cikin ramin, muna tafi muna tattaka laka, kuma karo na farko ba wanda ya dake mu don mun ɓata kaya. Baba kuwa abin ya tsaya masa a wuya. Kullum ya dawo daga majalisa sai na ji yana gaya wa Inna, "Munka kai yaro boko, yad dawo muna da aikin kakanai." Maƙwabta ba su taimaka ba, don har tambaya suke ko korar Sadisu aka yi.

Da ɗakunan suka bushe, Yaya ya koma makaranta don ya taho da malamin. A nan ne Baba ya samu fili. A wurinsa baƙon girma zai zo gidansa, kuma ba a tarbar baƙo da abin kunya. Ya sayar da ragonsa, ya kira magini, aka sauke jinkar aka buga kwano, aka shafe tubalin da siminti ciki da waje, aka bi shi da koren fenti. Inna ta shimfiɗa leda, ta rataya labule. Wallahi ɗakin ya yi kyau, ni har alfahari na yi wa ƙawayena da shi.

Ban taɓa manta fuskar Yaya ba ranar da suka iso. Ya tsaya yana waige-waige kamar wanda ya ɓata gida. Baba ya riƙe hannun malamin yana murmushi, ya ce, "Malam, mun gyara shi. Yaro ne, bai san an bar yayin wanga gini ba." Malamin mutum ne mai kawaici. Ya shiga ɗakin da ma'aunin zafi, ya fito gumi na tsiyaya daga gemunsa, ya yi wa Baba godiya, ya ci tuwon Inna har da ƙari. Sai a bakin mota ya gaya wa Yaya cewa ɗakin bulo biyu ya gani, zai dawo sau ɗaya tak, in akwai na ƙasa.

Yaya bai yi wa Baba musu ba, ba a haka a gidanmu. Zama ya yi a gindin bango ya kifa kai, ya ƙi cin abinci. Na ji tausayinsa sosai. Inna ce ta zauna ta fahimtar da Baba abin da kwalliyarsa ta jawo. Washegari ƙarar guduma ta tashe mu. Baba ne a kan tsani yana ɓamɓare kwanon da ya ci masa rago, maƙwabta sun yi cirko-cirko suna kallo. Da wani ya tambaye shi ko lafiya, sai ya amsa ba tare da ya waiwayo ba, "Karatu nika yi." Da hannunsa ya kankare simintin ya ɗaura sabuwar jinkar, malamin ya dawo ya gamsu, kuma Yaya ya fita tare da 'yan ajinsa.

Yanzu in na je Rawayya, kwano ne ke ƙyalli ko'ina, da rana kowa ya gudo daga ɗakinsa ya nemi inuwar bishiya. Ni ma a cikin bulo nake a unguwar Damba ta Gusau, ina jiran a kawo wuta fanka ta juya. Yaya na yawon jihohi yana koyar da ginin ƙasa, Baba kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Har ya rasu bai yarda cewa laka ta fi siminti ba. Da ɗansa kawai ya yarda.