Agogon Ƙirjin Jajja Namusisi

Jajja Namusisi, wato Kaka Namusisi, ita ce mai shara a asibitinmu na zuciya a Kampala, inda nake rajistar marasa lafiya. Tun tana budurwa aka sa mata ƙarfe a zuciya, yana ƙas-ƙas kamar agogo. Yaron da ya ƙi shiga wurin likita, sai ta ce, "Zo, matsoraci, saurari agogona." Ya kara kunne a ƙirjinta, ya shiga. Bara ta rasu.

Jiya wata baƙuwar yarinya, Nanyonjo, ta turje, ga numfashinta yana sarƙewa. Ubanta ya lallashe ta har ya gaji. Can ta nufi bencin da babu kowa, ta karkata kai tana saurare.

"Baba, mu shiga," in ji ta. "Tsohuwar nan ta ce mini matsoraciya."