Muryoyin da Yaya Nasiru ya aro

Shekara biyar ke nan cif da muka binne Yaya Nasiru a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, nesa da Kano, nesa da kabarin mahaifinmu. Duk shekara sai an ce mini in bar maganar, Allah ya riga ya yi. Na san Allah ya yi. Amma zan faɗa.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni garin nan bayan na gama sakandare, in riƙa tsare wa kawunmu shago a benen Tianxiu. Shi kuwa yana aiki a wani kamfanin fasaha a Tianhe, aikinsa koya wa na'ura Hausa. Sai ya ɗauki waya ya bi shago-shago, ranar Juma'a ya tsaya a bakin Masallacin Huaisheng, yana roƙon mutane su karanta masa 'yan jimloli. Da Bakano, da mutumin Damagaram, da ɗan zangon Kumasi, ba wanda ya hana shi. Ya ce tafinta za a yi mana, mu huta da ciniki da yatsa. Ni kaina na karanta masa har muryata ta dishe.

Daga baya ya gano kamfanin ya ƙulla kwangila da sojojin wata ƙasa, su riƙa sauraren wayoyin jama'a da wannan na'urar, su gane mai magana da yankin da ya fito. Shi da wasu abokan aikinsa suka zauna a ƙasa a ofishin shugabansu, suka ce ba za su tashi ba sai an soke kwangilar an goge muryoyin. Kafin la'asar an karɓe musu katin shiga. Da aikin ya tafi, takardar zamansa ta bi shi.

Abin da ya yi bayan nan shi ne har yau yake cina. Ya sake bin shagunan ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, kamar mai shirin tafiya aikin hajji. Wani Alhaji ya yi dariya ya ce, "Nasiru, murya ce fa, ba hajar sayarwa ba. Ka ji tawa ta ragu?"

Ni ce ta ƙarshe. Ya tsaya a bakin shago ya ce, "Binta, na ari muryarki na kai inda ban sani ba. Ki yafe mini." Na ce, "Kai kaɗai ne mai tsoron Allah a kamfanin nan? Inna ka tuna da ita kafin ka zauna musu a ƙasa?" Ya jira kaɗan. Ban ce na yafe ba, na ci gaba da jera cajar waya.

Wata takwas bayan haka ciwon ƙoda ya tafi da shi. Ya daɗe yana ɓoyewa, don marar takarda tsoron ƙofar asibiti yake ji. Da na sani ƙeya ce.

Yau tafintar tana cikin wayar kowa, har da Alhajin nan. Me Yaya zai ce in ya ga yadda muke murna da ita? Ina jin shiru zai yi, don bai iya gori ba. Ni ce dai duk sanda na ji labarin an saki bam a wani ƙauye wai bisa kuskure, sai in tambayi kaina ko da tawa muryar aka koyi sauraren mutanen. Ban sani ba, kuma ba mai gaya mini. Magana zarar bunu ce.

Watan jiya na je sayen kaya wurin wani laoban, wato maigidan shago, ya miƙo mini wayarsa ta fassara. Ta ce, "Babu, sai gobe in Allah ya kai mu." Muryar Yaya ce. Shi ya fi kowa karanta musu, ashe ita suka zaɓa. Sun kori mutumin, sun riƙe muryarsa.

Abin da ya rage nasa ke nan: muryar da ke yi wa wasu aiki, da kuma ranar da ya ce a'a, wadda ba ta soke komai ba. Na daɗe ina ganin wauta ce. Yanzu na daina.

Na riƙe wayar na ce, "Na yafe, Yaya." Ta juya maganar zuwa Sinanci, ta gaya wa mutumin da bai taɓa yi mini laifin komai ba.

Allah ya ji ƙansa, ni ma ya yafe mini.