Kiran da Ba a Amsa Ba a Garwa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Idi Tela makwancinsa a maƙabartar Udu da ke tsakiyar Riyad. A bana kuma duniya ke cika shekara ɗari da kashe wutar Yaƙin Duniya na Farko. Mai karatu zai ce ina ruwan tela da yaƙin Turawa. Ni kuwa ba na iya tuna ɗaya ban tuna ɗayan ba, domin ban taɓa ganin mutumin da wannan yaƙi ya zauna wa a rai kamar Idi ba, alhali an daɗe da gama shi kafin a haife shi.

Aikin tafinta ne ya yi yawo da ni. Na zauna a Marsai, na zauna a Hambog da Khartum, daga ƙarshe na yada zango a Riyad. A unguwar Manfuha na same shi, a wani lungu mai tsoffin gidaje inda ma'aikata ke cunkushe ɗaki-ɗaki. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, da keken ɗinki biyu da butar shayi da ba ta sauka daga wuta. Shi Bakano ne, ni mutumin Damagaram, saboda haka tun ranar farko babu wanda ya raga wa wani. Yakan ce, "Ga bawan Faransa nan ya zo shan shayin banza." Ni kuma in ce masa ai iyayen gijinmu, Faransa da Ingila, ƙawaye ne, shayin nan haƙƙin ƙawance ne.

Da kofunan shayi yake bayanin yaƙin. Sai ya jera su a kan teburin yankan yadi, ya raba gida biyu. Wani saurayi ya harbe yariman Ostiriya a Sarayebo, garin da har Idi ya mutu bai iya faɗin sunansa daidai ba. Ostiriya ta ɗora laifin a kan Sabiya. Sabiya ta yi kira, Rasha ta amsa. Ostiriya ta yi kira, Jamus ta amsa. Faransa tana da alkawari da Rasha, ba ta da mafita. Jamus ta ratsa ta Beljiyam don ta cim ma Faransa, Ingila ta shigo. Daga baya Turkawa suka koma ɓangaren Jamus. Kowane suna ya faɗa sai ya tura kofi ya bugi ɗan'uwansa, har shayi ya zuba a kan yadin mutane.

Nakan yi masa gardama cewa ruwa ba ya tsami banza. An daɗe ana tara itacen: kishin mallakar ƙasashe irin namu, tseren ƙera jiragen ruwa na yaƙi, da tsohuwar gaba tsakanin Faransa da Jamus. Harsashin saurayin nan ashana ce kawai. Yakan yarda da wannan. Abin da ba ya yarda shi ne a ce akwai wanda ya san inda za a kwana. Sun fita suna cewa wata kaɗan za a yi a dawo, sai ga su shekara huɗu cikin ramuka, ana mutuwa a kan filin da bai kai gonar mutum ɗaya ba. Rasha ta rushe daga cikin gida, Amurka ta shigo daga baya, Jamus ta gaji ta ajiye. Na ga maƙabartunsu a arewacin Faransa, fararen duwatsu a jere har iyakar ganinka, an share an dasa furanni, babu ko motsin tsuntsu. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma mafi yawan waɗanda ke kwance a can ba su suka ɗebo ba.

Sai da muka shekara muna wannan gardama kafin ya gaya mini abin da ya haɗa shi da ita.

Kakansa Sule da Garba, ƙanen Sulen, fatake ne da suka gangara Adamawa. Fatauci ya ƙi, Sule ya shiga sojan Ingila a Yola, Garba ya ƙarasa Garwa ya shiga sojan Jamus. A lokacin babu wanda ya ga aibu, kamar ɗaya ya kama aiki a wannan kasuwa ne ɗaya a waccan. Da kofunan Turai suka bugi juna, ƙarar ta iso har bakin Binuwai. Sule ya tsinci kansa cikin rami a wajen Garwa, tare da sojan Ingila da na Faransa da suka kewaye garin, ya san kuma ƙanensa yana ciki.

Wata magariba bindigogi suka yi shiru. Daga wajen kogi, inda duhu ya fara sauka, Sule ya ji an kira shi. An ce, "Sule na Inna," sunan da babu mai kiransa da shi sai 'yan ɗakinsu. Ya buɗe baki, wani tsohon soja da ke kusa da shi ya toshe masa da tafin hannu. Kowane Bahaushe ya taso da wannan: ba a amsa kira a daji da magariba in ba ka ga mai yinsa ba, don ba ka san ko mutum ba ne. Aka sake kira. Aka kuma sakewa, muryar ta yi nisa kaɗan. Sule ya yi shiru, kuma a karo na ƙarshe babu hannun kowa a bakinsa.

Ba a jima ba Jamusawan Garwa suka miƙa wuya. Kafin nan wasu daga cikin baƙaƙen sojojinsu sun faɗa Binuwai don su tsere, da yawa ba su fito ba. Sule ya bi fursunoni ɗaya bayan ɗaya, babu Garba. Babu kuma wanda ya iya gaya masa ko ƙanensa yana da rai a ranar da aka yi kiran. In yana da rai, to hanyar tsallakowa yake nema wurin wansa. In kuwa ruwa ya riga ya ci shi, to tsohon sojan nan ya yi gaskiya. Idi ya ce ya tashi ya tarar da kakansa tsoho tukuf, kuma da zarar rana ta yi ja sai ya shige ɗaki ya ja ƙyaure. Ba ya fitowa sai an idar da sallar isha'i.

"Ka gani, Malam Haruna," in ji Idi, "sarakunan Turai sun amsa kiran da ya kamata su tsaya su ga mai yinsa. Kakana kuma ya ƙi amsa wanda ya kamata ya amsa ko bai gani ba. Ni dai na zaɓi kuskurena."

Haka kuwa ya rayu. A Manfuha, inda bugun ƙofa kan sa mutumin da iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare ya ɗauke numfashi, Idi "na'am" yake fara cewa kafin ya tambayi ko wane ne. Lambar da bai sani ba yana ɗauka. An sha yi masa faɗa a kan haka, an kuma sha cutarsa. Duk ɗan Kamaru da ya shigo ɗinki sai ya tambaye shi ko ya taɓa jin zuri'ar wani Garba Bakano, tsohon sojan Jamus, a wajen Garwa. Wasu su yi dariya, wasu su yi alkawarin bincikawa in sun je gida. Ɗansa na fari ya raɗa masa suna Sule. Ɗan'uwa rabin jiki ne, Idi kuwa ya ɗauki neman rabin jikin kakansa kamar gadon da aka bar masa. Bai samu ba.

Ina gefen gadonsa a asibiti ranar da ya cika, bayan la'asar. Ya kwana biyu ba ya magana. Sai kawai ya ɗago kai ya kalli ƙofar ɗakin, wadda take a rufe, ya ce "Na'am?" da irin muryar mutumin da aka kira daga tsakar gida. Na waiwaya, babu kowa. Bayan haka ya yi kalmar shahada, alhamdulillahi. Na sha gaya wa kaina zafin ciwo ne, kuma wataƙila shi ne.

Da yana nan yau, ban san kofuna nawa za su ishe shi ba. Tun bayansa an ƙulla sabon ƙawance ana yaƙi a kudu, a Yaman, a Sham kuma kowane ɓangare yana da babban da ya tsaya masa. Mu da ke Riyad mun saba ganin yaƙi a allon talabijin, har ranar da muka ji tsawa a sama babu hadari, tagogi suka girgiza, aka ce makami ne aka kakkaɓo. Washegari kowa ya tafi aikinsa, ana sayar da burodi, ana cika motoci da mai. Wannan shirun na washegari ya fi ƙarar ba ni tsoro, don irinsa na karanta a labarin biranen Turai kafin wutar ta iso su. Ina jin Idi ba zai tambayi wa ke da gaskiya ba. Zai tambayi 'yan ɗaki ɗaya nawa ne ke kwance a ramuka biyu masu kallon juna.

A watan jiya Sule ɗan Idi ya zo mini gida a unguwar Nasiriyya. Yanzu magidanci ne, direban babbar mota, a nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, ya rufe kamfani, an buga masa fita ta dindindin, zai koma Kano da bai taɓa zama cikinta ba. Abu ɗaya yake so kafin ya hau jirgi, in nuna masa kabarin mahaifinsa, don in ya fita ba lallai ya sake shigowa ba.

A Udu ba a rubuta suna. Sarki da lebura duk tudun ƙasa ne da dutse a kai da dutse a ƙafa. Ranar jana'iza na ɗaura ƙyallen shuɗin yadi daga shagonsa a dutsen kai, na kuma riƙe wata bishiya a matsayin alama. Rana ta cinye ƙyallen, bishiyar kuma ko an sare ta ko ni ne na ruɗe. Muka yi ta bin layi muna dawowa. Duk tudun da na tsaya a kai sai na kusa da shi ya fi kama da shi.

"Baffa, wallahi in ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba," in ji Sule. "Kada ka nuna mini wani Bangali in tsaya ina yi masa kuka."

"In ka yi masa ma ai bai yi asara ba."

Bai yi dariya ba. Rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe mu, ƙarar motocin unguwar Batha ta koma kamar daga wata duniya. Sai aka yi kira daga bayan wani tarin ƙasa, can wajen sababbin ramuka.

"Sule!"

Muryar Bahaushe ce. Babu kowa a iyakar ganinmu. Ni da na zaga duniya, na koyi harsuna biyar, ban san lokacin da hannuna ya damƙi wuyan hannunsa ba. Aka sake kira. Sule ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ɗaga murya.

"Na'am!"

Wani dattijo ya ɓullo, tufafinsa duk siminti. Ya ce abokinsa yake kira, wani Sule da ya tafi ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa. Su uku ne kacal suka kawo gawar wani ɗan ɗakinsu, gini suke yi tare, ga magariba ta kawo jiki, ga babu mai ƙarfin shiga rami. "Tunda Allah Ya sa ka amsa, ɗan samari, zo ka kama mana."

Sule ya tuɓe takalmi ya shiga kabarin. Shi ya karɓi gawar, shi ya kwantar da ita ya fuskantar da ita alƙibla, muna miƙa masa tubali yana jerawa. Da muka fara tura ƙasa na tambayi dattijon ko mamacin ɗan ina ne.

"Ɗan Kamaru ne, wajen Garwa. Ba mu san kowa nasa ba."

"Sunansa fa?"

"A iƙama dai Abubakar. Mu Garba muke ce masa."

Na sani, kowane Abubakar Garba ne a ƙasar Hausa, kuma Garwa babban gari ne. Ban ce jinin wancan Garban ne ba, ba ni da hujja. Abin da na gani kawai nake faɗa: har muka gama, muka yi addu'a, mai gadi ya zo yana cewa yalla mu fita, wancan Sulen da aka ce ya tafi ɗebo ruwa bai dawo ba. Da ruwan gorar shanmu aka yayyafa wa kabarin.

Ba mu sami kabarin Idi ba. A bakin ƙofa na ce ko mu dawo gobe da safe mu sake gwadawa. Sule ya kakkaɓe ƙasar da ke gwiwarsa ya ce, "Halas, shi ke nan, Baffa. Na gaishe shi." Bayan kwana kaɗan na raka shi filin jirgi.

Shagon Manfuha yanzu ana gyaran waya a ciki. Kekunan an sayar, kofunan sun farfashe, ko tudun da yake ƙarƙashinsa ban iya nunawa ba. Waɗanda suka kunna wancan yaƙi suna da gumaka da tituna, Idi ko dutse mai suna bai samu ba. Abin da ya bari kalma ɗaya ce a bakin ɗan da Hausa ma ba ta ishe shi ba, ta kuma fito a lokacin da ni, aminin ubansa, nake ƙoƙarin danne ta.

Allah Ya ji ƙan Idi, Ya ji ƙan kakansa Sule da Garba, da wannan baƙo da muka rufe ba mu san kowa nasa ba. In kuma akwai wanda har yanzu yake tsaye a bakin Binuwai yana jira, to an amsa masa, a Riyad, bayan shekara ɗari.