Saja Raufu da Tsutsar Masara

"Yanzu ai yaƙi ya koma sama, daga ɗaki ake danna shi."

"To, je ka gaya wa Saja mana!"

Saja Raufu yana jin samarin unguwa suna wannan hira a bakin shagon taki. Haifaffen Funtua ne, iyayensa Yarbawa 'yan kasuwa, ya yi shekara ashirin da biyu a soja kafin ya dawo ya kama noma a hanyar Bakori. Bana da tsutsa ta faɗa wa masara, maƙwabta suka ɗauko jirgin feshi maras matuƙi, shi ma ya sa gonarsa, don ba ya gaba da na'ura. Sai dai bai manta karatun bariki ba: jirgi share hanya yake yi, wuri bai zama naka ba sai ƙafarka ta taka shi.

Kwana uku da feshi ya bi gonar kunya-kunya, yana buɗa zuciyar kowace masara. Ga tsutsar nan kwance can ciki, inda magani bai kai ba. In aka ƙara mako, gonar ta tafi.

Tun daga ƙofar gida ya ɗaga murya: "Maman Tosin, taimaka ki kwaso mini tokar murhun nan duka, ita ke kashe tsutsar, mu je mu zuba a zuciyar masarar ɗaya bayan ɗaya!"