Ramuwar Mai Yankan Gansakuka

Yayata ta shekara ashirin da shida tana yanka abin da ido ba ya gani. Idan aka tambayi mahaifiyarmu aikin 'yarta, sai ta ce, "Gansakuka take yankawa a jami'a, kuma wai har biyanta ake yi." Mu yi ta dariya, Yaya kuwa ko a jikinta.

Ita ba malama ba ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a sashen nazarin tsirrai, wani ɗaki mai sanyi a ƙasan bene, babu ko taga. Za ta ɗebo gansakuka, wannan koren abin da ke kwanciya a kan ruwan kududdufi, ta jiƙa a magunguna, ta daskarar da ita cikin ƙaro mai tauri, sannan ta ɗora a injin yanka. Abin da ke fitowa ya fi ɓawon albasa siranta sau ɗaruruwa, numfashi kaɗai ya isa ya watsar da shi. Da gashin ido guda ɗaya da ta liƙa a bakin tsinke take tura shi kan wata 'yar ragar tagulla, ta kai babbar na'urar ƙara girma. Gashin ma nawa ne. Takan zo gidana ta ce, "Auta, rufe ido," ta tsige ɗaya ta yi gaba.

Sau ɗaya ta nuna mini abin da take nema. A cikin kowace ƙwayar halitta ta ganye ko gansakuka akwai wani ɗan koren buhu, a cikinsa kuma akwai siraran shimfiɗu jere kan juna kamar farantai a kabad.

"Nan ne ɗakin girkinsu," in ji ta. "A kan farantan nan suke kama hasken rana, su haɗa da ruwa da iska su yi abinci. Duk abin da kika taɓa ci, daga nan ya fara."

Wata shekara ta samu hoton da ba ta taɓa samun irinsa ba, na wata gansakuka daga kududdufin bayan sashensu. Farantan sun fito layi-layi, ana iya ƙirga su. Shugaban sashen, wanda kowa ke kira Farfesa, ya karɓi hoton. Bayan wata takwas sai ga shi a bangon wata mujallar masana ta ƙasar waje, da sunansa shi kaɗai.

Ta same shi a ofis cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, na duba ban ga sunana ba."

Ya ce, "Ke hannu ce, ni ne kai. Koma bakin aikinki."

Wannan ta haɗiye. Abin da ba ta haɗiye ba shi ne maganar wuƙa. Sashen yana da wuƙar yanka guda ɗaya mai bakin lu'ulu'u, Yaya tana lallaɓa ta kamar jinjiri. Ranar da Farfesa ya kawo baƙi, ya ture ta gefe don ya nuna musu gwanintarsa, ya danna ƙaron da ƙarfi, bakin wuƙar ya gutsure. Washegari aka miƙa wa Yaya takardar tuhuma cewa sakacinta ne ya jawo. A gaban ɗalibai ya ce wadda ba ta iya riƙe wuƙa ba, to ta je ta riƙe soso. Aka mayar da ita sito, wankin kwalabe.

Da yamma ta zo gidana, mijinta direba yana biye da ita yana cewa ta bar wa Allah. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado ta cire takalmi, ta ce, "Na bar wa Allah nasa. Nawa kuwa ina riƙe da shi."

Shekara uku da wata bakwai tana wanke kwalabe. Kullum sai ta gaishe da Farfesa har da rusunawa. Na ce mata, "Yaya, wannan gaisuwa fa?" Ta ce, "Ina so ya riƙa ganin fuskata, kada ya manta ta."

Sai ga wasiƙa daga wasu masana na waje. Sun ce sun bi hanyar da Farfesa ya rubuta a mujallar ɗaya bayan ɗaya, ba su samu komai ba sai fararen dunƙule da suka rufe farantan, don haka suna zargin an haɗa hoton ne. Jami'a ta kafa kwamiti, aka ce a sake samo hoton a gabansu. An sayi sabuwar wuƙa, an ɗauki sabuwar ma'aikaciya, ta yi wata biyu tana yanka, kullum dunƙulen nan ne.

Farfesa da kansa ya sauko sito. Yaya ta ce mini ya tsaya tsakanin bokitai yana ɗage babbar rigarsa kada ta jiƙe.

"'Yar'uwa, ina wuni? Ya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Kwalba ake buƙata?"

"Haba, abin da ya wuce ai ya wuce. Ki gaya mini me kika yi wa gansakukar nan."

"Ni hannu ce, ranka ya daɗe. Hannu ba ya magana. A tambayi kai."

Ta ci gaba da wankinta har ya gaji ya fita. Sannan ta share hannu, ta rubuta wa kwamiti cewa ita za ta iya samo hoton, da sharaɗin a fara jin Farfesa tukuna.

Ranar zaman, da hantsi, mutum biyar suka cika ɗakin nan marar taga. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce Farfesa ya zauna a injin. Ya zauna. Yanka uku ya yi, duk suka nannaɗe suka nutse a ɗan ruwan da ke tare su a bakin wuƙar. Yaya tana tsaye a bayansa tana kallo.

Sai ta nemi izinin tambaya ɗaya. "Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa aka ɗebo gansakukar da ke cikin hoton?"

"Da tsakar rana mana, lokacin da take aiki sosai. Haka na rubuta."

"Haka ka rubuta, domin ba ka nan." Ta juya ga kwamitin. "Da rana tana girki, tana tara sitaci. Sitacin ne fararen dunƙulen da ke ture farantan. Ni kwana biyu na rufe ta a cikin kwali, a duhu, ta cinye abincinta tas, sannan na sa mata magani."

Ta buɗe littafinta da ta saya da kanta tun wancan lokacin, ga kwanan wata, ga komai da hannunta. Ta fito da ƙaron da ta shirya a makon. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ba ni kujerar." Sai da ta bari ya miƙe, ya ja da baya har bango, sannan ta zauna. Kafin azahar farantan suka fito a na'ura, layi-layi.

Dattijuwar ta cire tabarau ta ce, "To, wuƙar da aka ce kin fasa fa?"

Yaya ta ce, "Baƙin da suka gani suna raye. Ga sunayensu a shafi na gaba."

An cire Farfesa daga shugabanci, mujallar ta buga gyara da sunan Yaya a gaba, aka janye takardar tuhumar. Aka ce ta zaɓi inda take so, ta ce ɗakinta kawai. Farfesa ya ƙara shekara biyu a sashen, kuma duk abin da yake so a yanka masa sai ya cike takarda ya bi layi a bayan ɗalibai. Ba ta taɓa ɓata masa aiki ba. Ba ta kuma taɓa tsallakar da shi layi ba.

Bara, bayan dukansu sun yi ritaya, matarsa ta zo gidan Yaya, ina nan. Ta ce jikinsa ya yi nauyi, yana roƙon a yafe masa. Yaya ta kawo mata ruwa, ta tambayi 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta raka ta har bakin titi, ta ce, "Ki gaishe shi da jiki."

Da ta dawo na ce, "Yaya, ban ji kin ce kin yafe ba."

Ta ɗauki kofin ta nufi famfo. "Kunnenki lafiya lau yake, Auta. Ban ce ba."