Fijon Sufyan a Garejin Haliru

Haliru Na'Allah bakanike ne a Bagudo. A Sharabi aka haife shi, a Kamba ya koyi gyaran mota, ya kuma daɗe yana jan Fijo zuwa Tsamiya, bakin iyakar Benin, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gareji. Mutum ne mai gardama. Shi ya koya wa ɗana Sufyan tuƙi.

Sufyan ya rasu bara. Tsohuwar Fijo 504 da yake ji da ita ta ƙi shan kwana a hanyar Matsinkai, ta faɗa kwalbati. Kafin a gama zaman makoki magana ta zauna a gari: gudu ne, gangancin ƙuruciya. Har yayana Sambo ya faɗi haka a gaban mutane, ya ce a ba 'yan gwangwan motar, a huta da ganinta.

Haliru ya ce ba inda za ta. "Wanga yaro ni na koya mai," in ji shi. "Bai shiga kwana da gudu. Duk mai cewa ganganci ya zo ya hwaɗa gabana."

Ya ja motar zuwa garejinsa, ya miƙe abin da ya lanƙwashe, bai canza komai a sitiyari ko inji ba. Da ta tashi, ya aiko mini. Na shiga gaba, Yaya Sambo ya shiga baya yana mita.

A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau take tafiya. Haliru ya karkata dama, ya karkata hagu, sitiyari na bin hannunsa.

"To, ka gani," in ji Yaya. "Motar ba ta da laifi. Mai da mu gida, tsohon direba."

"Alhaji, riƙe hularka," in ji Haliru.

Ya samu fili babu kowa, ya sa giya biyu, ya juya sitiyari yana taka totur, kamar mai fita daga kwana. Wani abu ya buga a ƙarƙashin bonet. Sitiyarin ya ƙame. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi, motar kuwa ta miƙe cikin ciyawa har sai da ya danne birki.

Ya buɗe bonet ya nuna mana mawuntin, wato robar da inji ke zama a kanta. Ba ta kamfani ba ce. Guntun tayar babbar mota ne aka yanka aka huda, irin gyaran da ake wa motocin iyaka a bakin hanya don su kai gida. Ta tsage. In an taka totur sai injin ya ɗaga, ya danne sandar sitiyari. Ga wurin gugar nan yana ƙyalli.

Yaya ya leƙa ya gani, sannan ya ce, "Ƙaddara ce dai."

"Ban musa ba, Alhaji. Amma kai ka ce ganganci, kuma gaban mutane ka ce."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Haliru ya ajiye motar a bakin tasha, bonet a buɗe, ya tsaya kusa da ita. Duk wanda ya tsaya sai ya kama hannunsa ya ɗora masa a kan robar. Yaya Sambo ya zo daga baya. Shi ya yi wa direbobin bayani da bakinsa, ya kuma ambaci sunan Sufyan.